Wace Kalma Za Mu Kai Wa Ɗalibin Getso?

Tun da aka soma maganar rubuta kimiyya da Hausa, akwai wata kalma guda da ke tsaya wa masu fassara a maƙogwaro, watau wadda Turawan Ingila ke rubutawa oxidation. Ba a yin nisa cikin ilmin sinadarai sai an yi karo da ita, kuma wanda bai gane ta ba, rabin darasin ya riga ya wuce shi. Masu alƙalami sun kasu uku a kanta. Waɗansu su bar ta da Turancinta tsirara a tsakiyar jimlar Hausa. Waɗansu su ce tsatsa, ko ƙonewa. Waɗansu kuma su jero dogon zance, su ce haɗuwar abu da iskar oksijin. Mu da muka fito daga Getso da Gwarzo da Kabo, waɗanda kan koma gida lokacin hutu mu taya ƙannenmu bitar karatu, muna ganin dukkan hanyoyin nan uku tauye yaro suke yi. Shawararmu ita ce a ari tushen kalmar, a sa mata rigar Hausa yadda za ta sarrafu a baki, sa'an nan a koyar da ita da abubuwan da yaro ya tashi yana gani a garinsu.

Abubuwan kuwa ba su da iyaka. Garmar da aka manta a gona da damina takan yi ja ta fara ɓarewa. Kwanon rufi in ya tsufa sai ya canza launi. Goro in an ɓara shi aka ajiye, kafin a jima fuskarsa ta rine. Man gyaɗa in ya daɗe a kwalba a buɗe sai ya yi wari. Gawayi yana ci a maƙera, zugazugi na ƙara masa iska. Tuwon dawar da aka ci da dare shi ne ke zama ƙarfin da za a yi noma da shi da safe. A idon mai kallo waɗannan al'amura shida ne da ba su haɗa hanya ba. A idon masanin sinadarai abu guda ne ke faruwa cikinsu duka, kuma amfanin kalmar da muke magana a kanta ke nan, ta ɗaure su da igiya ɗaya.

Amma misalin da ya fi kowanne, a ganinmu, yana bakin karofi. Ƙasar Kano da rini aka san ta. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a nan a kai waɗansu ƙasashe sun kai na wuri miliyan 300 a shekara, kuma Tambutu kaɗai takan karɓi kayan raƙumi 300. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take, tana nan tana aiki, ko da yake ramuka da yawa sun mutu. Ba cikin birni kaɗai aka yi sana'ar ba, garuruwan karkara ne suka ɗauki mafi yawanta, kuma a yammacin Kano har yanzu akwai dattawan da za su ba da labarinta dalla-dalla.

Ga yadda abin yake. Marini yakan zuba baba cikin rami mai zurfin da ya fi tsayin mutum, ya haɗa da ruwa da toka da katsi, ya bar shi kwanaki har ya ruɓa ya nuna, kumfa mai ƙyalli ta taso a sama. Idan ya tsoma farin zane ya ɗago, zanen ba shuɗi yake fitowa ba. Yakan fito kore-kore mai ratsin rawaya, sai ya sha iska, a kan idon kowa ya juye ya zama shuɗi. A sake tsomawa, a sake ɗagowa, launi na ƙara kamawa, har a kai ga baƙin nan mai duhu da ake kaiwa mabuga. Dalili shi ne, shuni ba ya narkewa a ruwa, don haka ba ya iya shiga zare. A cikin rami, ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suna sauya shi zuwa wani yanayi mai narkewa, wanda tokar ke taimaka wa, ya ratsa cikin zaren. Da an ɗago zanen, iskar oksijin, wadda ita ce kusan kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, sai ta mayar da shi shuni marar narkewa, ya maƙale a ciki, wanki bai fitar da shi. Marini bai san sunan abin da Turanci ba, amma ya san lokacin da rami ya nuna da lokacin da ya mutu, ya san minti nawa zane zai sha iska. Wanda ya tsaya ya kalli wannan sau ɗaya ya ga babin littafi sukutum da idonsa.

To, a ce an koya wa ɗan Getso cewa sunan wannan abu tsatsa. Da wane baki za a ce masa zane ya yi tsatsa a karofi? Ko goro ya yi tsatsa? Tsatsa kalma ce mai kyau, amma ta ƙarfe ce, kuma ko a ƙarfen ma sai an sami ruwa da iska tare. Bugu da ƙari, tsatsa a kunnen Bahaushe ɓarna ce, alhali kuwa abin da muke magana ba kullum yake ɓarna ba. Tukunyar alminiyam da masu zubi ke yi, da zarar iska ta taɓa ta sai wata 'yar fata siririya ta rufe ta, kuma fatar nan ce ke hana ta lalacewa shekara da shekaru. Kwanon rufi ma an shafe shi da tutiya ne don tutiyar ta riga ƙarfen sauyawa, ta kare shi. Ƙonewa kuwa tana kawo wuta da hayaƙi a zuciyar mai sauraro. Babu wuta a cikin kwalbar man gyaɗa. Wanda ya kira dukan al'amarin da sunan ɗaya daga cikin rassansa kamar wanda ya kira kowace dabba akuya ne, ranar da aka nuna masa raƙumi sai magana ta ƙare masa.

Masu dogon zancen nan, haɗuwar abu da iskar oksijin, sun fi kusa da gaskiya, kuma da a ƙarni na 18 muke da ba mu ja da su ba. Bafaranshen nan Antoine Lavoisier shi ne ya raɗa wa oksijin suna a ƙarshen shekarun 1770, daga kalmomin Girkanci masu nufin mai haifar da tsami, domin ya zaci kowane asid yana ɗauke da ita. A 1787 shi da abokan aikinsa uku suka fitar da littafin da ya tsara sunayen sinadarai, wanda daga gare shi ne mafi yawan sunayen da ake haddacewa a sakandare suka samo asali. Ba a daɗe ba zatonsa ya rushe, gama a 1810 Humphry Davy na Ingila ya nuna cewa kulorin sinadari ne mai zaman kansa, kuma asid ɗin da ake samu daga gishiri babu oksijin cikinsa ko kaɗan. Sunan dai ya zauna. Daga baya, bayan J. J. Thomson ya gano ilektaron a 1897, masana suka fahimci cewa ainihin abin da ke faruwa shi ne ƙwayar zarra ta saki ilektaron, wata ta karɓa. Oksijin gwanar karɓa ce, shi ya sa aka fara ganin abin a wurinta, amma ba ita kaɗai ba ce.

Gishirin miya ya isa shaida. Sodiyam ya saki ilektaron guda, kulorin ya karɓa, gishiri ya samu, kuma masana sun ce sodiyam ɗin ya yi wannan abu da muke neman sunansa, ba tare da oksijin ta zo wurin ba. Batirin tocila ma haka yake, tutiyar jikinsa ce ke sakin ilektaron, su bi waya su kunna ƙwai. Yaron da aka koya wa dogon zancen a aji ɗaya, in ya zo aji biyu sai an warware masa abin da ya haddace kafin a ɗora sabo. Ga shi kuma dogon zance ba ya sarrafuwa. Yaya za a faɗi lambar da ake ba kowace ƙwayar zarra, ko sunan abin da ke jawo sauyin, in sai an jawo kalmomi biyar kowane lokaci?

Wani zai ce, tun da kalmar kanta an gina ta a kan oksijin, kuma ma'anarta ta wuce oksijin, don me za mu ɗauko kuskuren wani mu ɗora wa kanmu? Wannan magana tana da ƙarfi, mun kuwa auna ta. Amsarmu ita ce kalma takan rayu bayan asalinta ya mutu. Kwabo daga sunan jan ƙarfe da Turanci ya fito, amma ba wanda ke tuna jan ƙarfe in ya ce ba shi da ko kwabo. An daina kashe sule da sisi tun da naira ta zo a 1973, duk da haka sisin kwabo bai bar bakin mutane ba. Kalmar aro tana da wata fa'ida da ta gida ba ta da ita a nan, watau ta zo wa yaro wayam, babu wani hoto da ta ɗauko, sai abin da malami ya zuba mata. Jamusawa sun fassara sunan oksijin zuwa harshensu, suka kwashi kuskuren Lavoisier gaba ɗaya, amma da suka zo kan wannan kalma sai suka riƙe ta duniya. Larabawa kuwa, waɗanda ba wanda zai zarga da rashin kishin harshe, sun ɗauki baƙaƙenta suka zuba a ma'aunin fi'ilinsu, suka ce aksada ga wanda ya aikata, ta'aksada ga wanda abin ya faru a kansa.

Hanyar Larabawan nan ita muke so a bi, domin Hausa ma tana da nata ma'auni. Daga hukunci muka sami hukunta, daga Musulunci Musulunta, daga zamani zamananta. Karanta ba asalin Hausa ba ce, daga Larabci ta zo, amma ga ta ta haifi karantu da karantacce da makaranci da makaranta. Saboda haka muna kawo shawarar a ɗauki tushen oksid a ce oksidanta. Iska ta oksidanta ƙarfe. Ƙarfe ya oksidantu. Shuni oksidantacce ba ya narkewa a ruwa. Aikin shi ne oksidantawa, abin da ya sami ƙarfen shi ne oksidantuwa, mai aikin kuwa mai oksidantawa. Duk wanda ya zauna jarrabawar kemistiri ya san inda ɗalibai ke zubewa, watau rarrabe wanda ya yi da wanda aka yi wa. Hausa ta raba su da wasali guda, kuma yaron da bai taɓa shiga aji ba ya san bambancin dafawa da dafuwa.

Akwai wani dalili kuma da ya sa muka fi son wannan a kan a rubuta oksideshan kawai, ko da yake ita ma ta fi tsatsa. Wutsiyar nan ta shan ta Ingilishi ce. Ɗan'uwanmu na Maraɗi ko Damagaram da ya yi karatu da Faransanci oksidasiyon ya ji a aji. In kowa ya ari tasa, sai a wayi gari da kalmomi biyu ga abu ɗaya, iyaka ta raba littafin kimiyya kamar yadda ta raba sauran abubuwa. Tushen kuwa ɗaya ne a harsunan biyu. Tun da Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, wannan ya zama batun da za a yi da gaggawa, kafin kowane ɓangare ya buga nasa littattafai.

Mun san masu kishin tsabtar harshe za su ɓata fuska. Muna girmama su, da yawansu malamanmu ne. Sai dai muna tuna musu cewa kimiyya, kalmar da suke kare martabarta, daga Larabci take, inda take nufin ilmin sarrafa ma'adinai. Sinadari kuwa da can abin da maƙeran farfaru ke liƙa ƙarfe da shi ne, aka faɗaɗa shi. Harshen da ya haɗiye mota da asibiti da alƙali da kasuwa bai shaƙe ba, ba oksidanta ce za ta kashe shi ba. Su kuma masu cewa a bar komai da Turanci tun da da shi ake jarrabawar WAEC da NECO, sai mu ce kalmar da muka kawo ita ce ta fi taimakon yaro a ɗakin jarrabawa, domin in ya ga ta Turancin a takarda zai gane 'yar'uwarta ce. Wanda aka koya wa tsatsa ba shi da wannan gada.

Kada a ɗauka wannan gardamar 'yan jami'a ce da ba ta taɓa kowa. Sunayen sinadarai da yawa a kan lambar oksidantuwa aka gina su. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu juna biyu a asibiti ƙarfe ne mai lamba 2, wanda hanji ya fi iya tsotsa. Tsatsar garma ƙarfe ne mai lamba 3. Ƙarfen ɗaya ne, ilektaron guda ya raba su. Gawayi in ya sami iska isasshiya ya oksidantu sarai, sai ya ba da kabon dayoksaid, irin iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi. In iska ta gaza, kamar a ɗakin da aka toshe da hunturu aka kwana da kaskon wuta, ko aka shigar da janareta cikin zaure don tsoron ɓarayi, oksidantuwar ba ta cika ba, sai a sami kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya. Kusan kowace shekara sai jaridu sun ba da labarin iyalin da aka tarar da safe ba rai. Ma'aikacin lafiya da zai yi wa jama'a bayani a rediyo yana bukatar kalmar da za ta nuna cewa wutar da ba ta ƙoshi da iska ba ita ce mai kisa, ko da ba a ga hayaƙi ba.

'Yan'uwanmu da suka gama suka kama aikin gwamnati, musamman masu riƙe da sito a ma'aikatun gona da na ruwa, su ma abin ya shafe su. A jikin waɗansu durom da buhuna akwai alamar harshen wuta a bisa zobe. Alamar ba ta ce kayan yana cin wuta ba, cewa ta yi mai oksidantawa ne, watau shi ne ke ciyar da wutar wani. Hodar kulorin da ake tsabtace ruwan sha da ita tana cikin wannan aji, haka ma takin amoniyam naitiret. In aka fassara wa lebura da mai tsatsa, zai yi dariya ya jingina shi da jarkar fetur. In aka ce mai ƙonewa, zai ƙyasta ashana a gwada, ya ga bai kama ba, ya raina gargaɗin. A ranar 4 ga Agusta 2020, kimanin tan 2,750 na amoniyam naitiret da aka jibge shekaru a tashar jiragen ruwa ta Bairut suka tashi bayan gobara ta kama a wurin, mutum fiye da 200 suka mutu.

Aikin samar da kalmomi ba yau aka fara ba. Abubakar Imam da Rupert East sun rubuta Ikon Allah don bayyana halittu da Hausa. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kano a 1969, kuma a 1990 aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, sai dai na nazarin harshe da adabi ne. Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, shekarar da manufar ilmi ta ƙasa ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa. A 2022 gwamnatin tarayya ta ce a yi shekara shidan firamare duka da shi, sa'an nan a Nuwamba 2025 Ministan Ilmi, Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke wannan, aka koma Ingilishi, yana kafa hujja da yawan faɗuwa a jarrabawa. Ba mu yarda da hujjar ba, gama ba a taɓa ba tsarin littattafai da malaman da zai tsaya da su ba. Amma ko an so ko an ƙi, malamin kimiyya a Getso da Kabo zai rubuta Turanci a allo ya juyo ya yi bayani da Hausa, domin ita yaran ke ji. Doka ba ta hana wannan ba, ba ta kuwa ba shi kalmomin da zai yi aikin da su ba. Kowane malami sai ya ƙirƙiri nasa, yaro ya canza aji ya canza kalma.

Sauran abokiyar tafiyarta, watau karɓar ilektaron, wadda ba ta rabuwa da sakinsa, tun da ba mai saki sai da mai karɓa. A nan muna ganin Hausa ta wadatar, a ce ragewa da raguwa, domin lambar oksidantuwa ce ke raguwa. Tilas dai malami ya ja kunnen yara cewa lamba ce ta ragu, ilektaron kuwa ƙaruwa suka yi. Misalinta yana hannun masu narkar da tama na da, waɗanda kan haɗa dutsen da gawayi a rahoniya, gawayin ya ƙwace oksijin, ƙarfe ya fito. Abin da ke faruwa a ƙasan ramin karofi ma shi ne, kafin iska ta warware shi a sama.

Muna roƙon ƙungiyar ɗaliban Hausa da ta ɗaliban kemistiri su zauna tebur ɗaya a zangon nan, su auna waɗannan kalmomi, su gwada su cikin jimloli ashirin ko talatin daga manhajar sakandare, su miƙa abin da suka tsayar ga malaman sassan biyu da cibiyar nazarin harsuna, a aika kwafe Zariya da Sakkwato da Yamai. In an sami wadda ta fi oksidanta daɗin faɗi, ta kuma iya ɗaukar gishiri da batir da shuni gaba ɗaya, za mu karɓa. Mu kuma 'yan yammacin Kano mun ɗauki namu kason. A hutu mai zuwa za mu bi tsofaffin marina da maƙera na Getso da Gwarzo da Kabo da littafi a hannu, mu rubuta sunan da suke ba kumfar bakin rami, da launin zane kafin ya sha iska, da kashin da ke saura bayan an narkar da tama, mu kawo wa zaman.